Ranar Da Surukina Ya Shinshina Gawayina

Ina iya manta ranar ɗaurin aurena, dama matata ta daɗe tana zargin na manta, amma ranar da surukina ya sauka a gidana da ƙyauren ƙarfe da bunsuru, wannan kam sai dai in an kai ni kushewa.

Lokacin ina haya a Rijiyar Lemo, ina da rumfar gawayi a Sabon Gari. Kuma ba ƙaramin mai gawayi ba, mota guda ake sauke mini. Masu tsire, masu shayi, masu abinci, duk wajena suke zuwa. Idan na ji ana zancen sauyin yanayi a rediyo sai in ce wa 'yan rumfa, "Su ma sun samu hanyar cin tuwo. Zafi dai tun kakanninmu ake shan sa a Kano."

Wata Talata da la'asar, damina ta yi tsakiya, a-daidaita-sahu ya tsaya a ƙofar gida. An ɗaure ƙyaure a samansa, bunsuru na leƙowa ta gefe kamar shi ya biya kuɗin motar. Sai ga baban matata ya fito. Manomi ne daga kudancin jiha, ƙauyensu na gindin duwatsu a bakin wani rafi, kuma shekara goma da auren 'yarsa bai taɓa kwana a gidana ba. Na durƙusa ina gaisuwa, dariya na cin cikina.

"Baba, lafiya? Ai muna da ƙofa."

"Ita ce gidan," in ji shi. "Sauran yana hanyar Tiga."

Nan dariyar ta maƙale. Matata ta saki tsintsiya ta fashe da kuka. Bayan ya sha ruwa ya ba mu labari. Da can rafin nasu ba ya ƙafewa, har da bazara mata na wanki, maza na ban-ruwan albasa. 'Yan shekarun nan kuwa tun sanyi bai wuce ba ya zama yashi, damina ta makara, in ta tashi zuwa ruwan wata guda ya zubo a yini ɗaya. Wannan karon da hantsi ruwan ya gangaro daga dutse, ja wur, da itace da tsakuwa, ya share gidajen bakin rafi da rumbuna da masarar da ta fara goyo. Mutane sun tsira a kan tudu. Inna, surukata, tana fake a makarantar firamare da sauran mata. Ƙyauren ma a jikin mangwaro ya tsince shi.

Kwana uku zaman gida ya ishe shi, ya ce zai bi ni kasuwa. Ni kuma dama neman hanyar burge suruki nake, ga shi ranar aka sauke mini sabuwar mota. Muna isa muka tarar da wata Alhaja mai abinci, Bayarabiya haifaffiyar Fagge, wadda Hausarta ta fi tawa kaifi. Na kwance bakin buhu na hau cika baki.

"Alhaja, ƙirya ce zalla! Ba ya tartsatsi, ya kwana yana ci. Daga can cikin duwatsu ake kawo mini, ga arha kamar kyauta."

Baba ya ɗauki guda, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina. Ya tambaye ni wane dutse. Na faɗi garin da direbana ke lodi, har da ƙarin murmushi.

"A samanmu ne," ya ce. "Da, in ka tsaya a gonata ba ka ganin dutsen nan don itace. Su ke riƙe ƙasa, su ke sa ruwa ya sauko a hankali. Yanzu ya koma kamar kanka."

Ni kuwa tun ina saurayi sanƙo ya gama da ni. Alhaja ta riƙe ciki tana ƙyaƙyatawa. "Malam, ashe kai ka yi wa dutsen surukinka aski?"

Na ce, "Baba, ai ban sari ko reshe ba. Kuma ruwa na Allah ne."

"Na Allah ne, kuma ya sauya hali, wannan ya fi ƙarfinka. 'Ya'yanmu ne ke saran, don gona ta daina ciyar da su. Amma gatari ba ya tashi sai ya ji mai saye."

Ba zan yi muku ƙarya in ce na tuba nan take ba. Sai da na sayar da gawayin motar nan tas, har da riba. Sai dai ban sake aiken direba ba. Na koma Kasuwar Singa ina sayar da taliya da man gyaɗa. Ribar ba ta kai ta da ba, amma matata ta ce ko banza wanki ya ragu. Baba ya koma bayan mako biyu, suka yi sabon gini a kan tudu, nesa da ruwan sha. Gawayi kuwa har gobe shigowa Kano yake, mota-mota.

Abin da na koya shi ne, duk abin da ya zo maka da arhar banza, tsaya ka tambayi wanda ya cika sauran kuɗin. Ta yiwu wanda kake durƙusa wa ne.