Sunan Mahadi a Ƙarshen Jeri

Sahabi ya fi kowa shekaru a ajin da nake koyar da rubuta manhajar kwamfuta a Gusau, ya kuma fi kowa ba ni ciwon kai. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Bungudu. Shekara goma sha biyar ya yi yana buga wa mutane takardu a shago kafin ya ce shi ma sai ya koyi Python. Hannunsa da sauri, kansa kuwa sai an bi shi a hankali.

Ranar da muka zo kan ƙamus, wato tsarin ajiye sunaye da bayanansu a Python, na yi musu bayani dalla-dalla. Kowane suna mabuɗi ne, a gabansa akwai bayaninsa. Ƙamus yana riƙe mabuɗan ne yadda aka shigar da su, na farko a sama. In ka gyara bayani, suna yana nan inda yake. In ka goge shi ka sake sawa, ƙarshen jeri zai koma. Samari suka yi gwaji da sunayen 'yan ƙwallo. Sahabi ya zuba mutanen gidansu, bisa girma, domin da wannan jerin ake rabon hatsi bayan girbi da naman layya. A sama akwai yayansu Mahadi, mai riƙe da gandu tun rasuwar mahaifinsu.

Da daminar shekarar 'yan bindiga suka ɗauke Mahadi a hanyar Tsafe. Bayan wata biyar wani da ya kuɓuto ya ce a gabansa Mahadi ya cika. Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar arba'in. Bashar, mai bi masa, ya karɓi gandu. Matar Bashar ta haifi namiji aka mayar masa da sunan marigayi. A gabana Sahabi ya goge layin farko, ya ƙara jariri a ƙasa da sunan Mahadi Bashar. 

Bayan shekara guda da 'yan kai sai ga Mahadi ya dawo da ƙafarsa, a rame, haƙoran gaba babu. An yi kuka, an yi murna ta mako ɗaya. Daga nan gida ya ci gaba da tafiya yadda ya saba. Masu neman iri wurin Bashar suke zuwa, baƙi shi suke fara gaisarwa. Ba wanda ya yi mugunta, kuma ba wanda ya iya buɗe baki ya ce a mayar wa mai abu abinsa. Wannan shirun ne ya hana Sahabi sukuni.

Ya shigo aji ya sake rubuta sunan Mahadi a ƙamus, ya kira ni.

"Malam, mi niy yi ba daidai ba? Ga yaya nan ƙarƙashin jinjiri."

Na ce ai na faɗa muku, wanda aka goge baya yake komawa. Da faɗa na faɗe shi, kamar yadda na saba, sai daga baya na ji kunya. Na zauna na nuna masa yadda zai gina sabon ƙamus, ya fara da Mahadi, sauran su biyo. Aikin minti biyu ne. Ya buga a takarda, ya ce ranar rabon gero zai karanta a gaban kowa, daga nan magana ta ƙare. Ya haɗa da tsohon jerin, mai Mahadi a ƙasa, don ya nuna wa yayansa kuskuren da aka gyara.

Ran Litinin ya dawo ya zauna bai kunna kwamfuta ba. Da aka tashi na tambaye shi. Ya ce a zaure ya sami Mahadi shi kaɗai, ya karanta masa takardun biyu. Mahadi ya karɓi tsohuwar, ya daɗe yana kallon ƙasanta, ya ninke ya sa a aljihu.

"Ka maishe ni inda injin ga yas sa ni," in ji Mahadi. "Tun da nid dawo, shi ɗai yag gaya min gaskiya."

Da tsohon jerin aka raba gero bana. Sahabi ne ya karanta, ya kira sunan yayansa bayan na jariri.