Ranar da na ba Iliya ruwa sau biyu

Salamu alaikum jama'ar dandali. Wata huɗu ba ku ji ɗuriyata ba, har wasu sun ce ko kuɗin kafen intanet ne ya gagare ni. A'a, jinya na yi.

Da rani ne, a gonarmu wajen Bunkure. Ina murɗa hannun injin ban ruwa, sai ya dawo da ƙarfi ya make ni saman kunne. Na faɗi. Maƙwabcina Iliya ya ɗebo ruwan kanal ya sheƙa mini, ya duba kan ya ce, "Bai fashe ba, Malam, da sauƙi." Haka muke a nan: in babu jini, babu ciwo. Na tashi na ƙarasa aikina.

Ciwon kai da amai suka biyo baya, na ce zafin rana ne.

Shekara tara ni ke raba ruwa a layinmu, kuma ban taɓa rubutawa ba, duk a ka nake riƙewa. A kwana na uku na sakar wa Iliya ruwa da safe, na sake sakar masa da azahar, na bar tumatirin Baba Audu, dattijon layinmu, yana bushewa. Da aka yi mini magana, wallahi rantsuwa na yi ban yi ba.

A gida Hajara, matata, ta ce, "Malam, sau huɗu ke nan kana tambayata ko na ba awaki dusa." Na ji tsoro ƙwarai, kar a ce kan nawa ya tafi ke nan.

Yayana ya kai ni asibiti a Kano. Likita ya haska mini fitila a ido, ya sa na yi tafiya a kan layi ɗaya, ya faɗi abu uku ya ce in riƙe. Bayan minti biyar ko ɗaya babu! Hoton kai sai da muka sayar da buhun shinkafa biyu. Likitan ya ce, "Jini bai taru ba, amma ƙwaƙwalwa ta girgizu. Ba gona, ba babur, ba kwamfuta, sai hutu."

Sati shida ina zaune a ɗaki, ko rediyo ba na iya saurare. Sannu a hankali abubuwa suka riƙa zama a kaina.

Makon jiya na koma bakin kanal, na jero sunayen masu ruwa daga farko har ƙarshe, ba wanda ya gyara mini. Baba Audu, wanda ya yi asarar fiye da rabin tumatirinsa, cewa kawai ya yi, "To, buɗe mana." Na juya baya don kar su ga hawayena.

Alhamdulillahi. Na gode wa Hajara da Yaya da likitan nan, Allah ya saka.

Don Allah, in wani ya bugu a ka yana amai, ko yana maimaita tambaya, ku kai shi asibiti a ranar. Kada ku jira ya ce ba shi da lafiya, domin shi bai sani ba.