Gwiwar Ƙarfen Mahamane Mai Karo

Mahamane mutumin Damagaram ne, amma a Tamanrasset aka fi saninsa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana shimfiɗa karo, wato tayil, a daɓen gidajen mutane, kullum a durƙushe kan siminti, har gwiwarsa ta dama ta cinye. A shekara ta 2004, ko matakala uku ba ya hawa sai ya dafa bango.

Likitan ƙashi ya ce a Alje, babban birnin ƙasar, ana sa gwiwar ƙarfe. Amma da ya duba takardar awon jini, sai ya girgiza kai.

"Malam Mahamane, sukarinka ya yi yawa. In aka yanka ka a haka, ciwon na iya yin ruwa, cuta ta bi har cikin ƙarfen. Daga nan sai dai a cire shi."

Mahamane ya dubi ƙafarsa. Abokinsa Tahiru ne ya faɗo masa a rai, shi ma mai ciwon sukari, wanda ƙusa kawai ya taka a wurin gini aka ƙare da yanke ƙafa.

Wata huɗu matarsa Iklima ta sa shi gaba. Ta ɓoye dabino, ta rage burodi, shayi kuwa lami. Ya rame, ya yi ta mita, amma awon ya sauka, aka yi aikin.

Ba su fi kwana biyar da dawowa gida ba, Iklima na canza masa bandeji da hantsi, sai hannunta ya tsaya.

"Maigida, wurin nan ya yi ja. Taɓa ka ji zafinsa."

"Ɗinki ne kawai," in ji shi. Ga wani ruwa yana tsattsafowa daga gefen yankan.

Ba ta tsaya musu ba, ta fita ta tsayar da taksi. A asibiti aka ɗebi ruwan, aka ce su dawo bayan kwana uku. Kwana ukun nan abinci bai wuce masa ba. Sai ya zauna ya zuba wa ƙafar ido, yana motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Da suka koma, likita ya ce cutar a fata ta tsaya, ba ta kai ƙarfe ba. Sati shida ana yi masa allura kafin ciwon ya rufe. Duk da haka likitan ya ja masa kunne, ya ce kada ya saki jiki, ko bayan shekaru abin na iya tashi.

Tun daga lokacin a kan kujera yake salla, can ƙarshen sahu, inda ba mai bugun ƙafar.