Takardar da Na'ura Ta Ƙi

A shekarar da ta biyo bayan babban fari ina akawu a biro, wato ofishin wata ƙungiyar taimakon manoma a Magariya. Aikina cika fishi, wato takardar kowane gida: sunan mai gida, sunan mahaifinsa, gari, harafi ɗaya a kowane ɗan akwati. Mota ta kwashe su zuwa Yamai, inda aka ce akwai na'ura mai girman ɗaki da ke haɗiye sunaye ta fitar da jerin waɗanda za a ba irin gero. Ban taɓa ganinta ba, amma na sha zaginta.

In ta ƙi takarda, sai a maido mana da ita da wata lamba a manne. Wata takarda daga wata ruga a bayan Waca ta dawo. Na ce tawada ce, na sake cikawa. Ta dawo. Na ƙirga akwatuna, na daidaita haruffa, ta sake dawowa, ga damina ta matso. Sai a karo na uku na buɗe littafin bayanin lambobi da aka ba mu, wanda na raina, na ga ma'anar lambar: wannan mutum yana ciki tuni.

Nan na tuna. Ranar da na je rugar, wani dattijo ne ya ba ni bayanin gidansa da na ɗansa, wanda ya tafi kudu da ragowar shanu ya bar mata da 'ya'ya uku. Da na tambayi sunan ɗan, dattijon ya sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, kuma a wurinsu uba ba ya kama sunan ɗan fari. Don kada in kunyata shi sai na sake sa sunan dattijon shi kansa a takardar ɗan, da niyyar in tambayi maƙwabci. Na manta. Na'ura ta ga mutum ɗaya sau biyu ta watsar da na biyun, tare da irin geron matar ɗan.

Na hau motar Waca, na ƙarasa a ƙafa. Maƙwabtan duk sun tashi, daga dattijon sai surukarsa da yara ƙanana. Ita kuwa ba ta faɗin sunan miji. Laƙabi na so in sa, amma shugabana ya riga ya ja mini kunne, sai sunan yanka.

"Baba, laifina ne," na ce. "In ban koma da sunan nan ba, gonarta ba za ta ga iri ba bana."

"Malam, tun ran suna bai fito daga bakina ba."

"Na sani, Baba."

Ya daɗe yana kallon gonar da surukarsa ta riga ta share. Sannan ya ce mata ta ja yaran su tafi rijiya. Da suka yi nisa ya juya mini baya, ya faɗi sunan sau ɗaya, ƙasa-ƙasa. Kunya ta kama ni fiye da shi. Na cika akwatunan ban ɗaga kai ba.

Ina naɗe takardar ya ce, "Abin nan naku na Yamai, yana kiran sunan da ƙarfi a gaban mutane?"

"A'a, Baba. Ajiyewa kawai yake yi."

"To, madalla."

Takardar ba ta sake dawowa ba, irin kuma ya iso bayan ruwan farko, matar ta shuka da na biyu. Ranar rabo ni ke kiran sunaye. Da na zo kan sunan ɗan na hango dattijon a gefe, sai na yafito matar da hannu, na wuce na gaba.