Ranar da Na Hana a Katse Fiyano

Har yau ban manta da wata Laraba ba, a shekarata ta farko a wani ƙaramin gidan rediyo a Talata Mafara. An ba ni minti ashirin bayan La'asar don kaɗe-kaɗen duniya, bisa gwajin wata uku. Ranar ce ta ƙarshe.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, babban laifi a rediyo shi ne shiru. Akwai allura a gaban injiniya mai nuna ƙarfin sauti. Idan ta kwanta daƙiƙa biyar, doka ce ya katse ya sa taken tasha. Mun saba da kalangu, wanda ba ya barin allura ta huta.

Na zaɓi wani kiɗan Turai na ƙarni na sha tara, wanda aka tsara don mai fiyano ya nuna gwanintar yatsunsa, yana ja-in-ja da taron makaɗa. A tsakiya sai duk su yi tsit, su bar fiyano shi kaɗai, a hankali, kamar ɗigon indararo bayan ruwa ya ɗauke.

Allura ta kwanta. Malam Bawa injiniya ya kai hannu zai katse, na riga shi, na rufe maɓallin katsewar da tafina. Sai ga Alhaji Sani, shugaban shirye-shirye.

"Hadiza, mi ya hwaru? Tasha ta mutu?"

"Ba ta mutu ba, ranka shi daɗe. Numfashi kiɗan yake yi."

"Ɗauke hannunki."

"In za a katse nan, a katse shirin duka."

Ni da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya. Amma ban ɗauke hannuna ba har fiyano ya taso a guje, makaɗa suka rufa masa baya. Alhaji ya ce gobe in amsa takardar tuhuma.

Da aka buɗe wa masu sauraro layin waya, wani mahauci daga Maradun ya ce hayaniya ce kawai. Sai wani manomi daga Dakko ya kira.

"Ku ce ma ɗiyar ga, wurin da kiɗin ya yi sanyi, injin ban-ruwa na kashe don in ji. Ta sake sa muna shi."

An bar mini shirin. Yanzu nakan rubuta wa Malam Bawa inda shiru zai zo. Na gane allura ƙara take aunawa, ba ta san wanda ya kasa kunne ba. Takardar tuhumar tana cikin fayil ɗina, kuma ban taɓa roƙon a cire ta ba.