Motar da Yaya Idi Bai Ƙarasa Ba

Ranar Laraba da hantsi ina tsugune a garejinmu na hanyar Baure, ina tace fenti, sai ƙanin matar Yaya Idi ya tsaya da babur a bakin rumfa. Bai kashe babur ɗin ba, bai kuma sauko ba. Ya ce an bugo waya daga asibiti a Katsina, Allah Ya yi wa Malam Idi rasuwa bayan fitowar rana, ana hanya da shi, za a yi jana'iza bayan la'asar. Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na maimaita. Na miƙe da niyyar tafiya gidansa, amma sai na tsinci kaina ina rufe gwangwanayen fenti ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda babu komai a cikinsu.

Malam Idrisu fanel bita ne, mai buga jikin mota ya miƙar da ita idan ta lotse. Ni kuma Lawal mai fenti. Shekara ashirin da shida muna rumfa ɗaya a Daura. Ba mu haɗa uwa ba, ba mu haɗa uba ba, amma ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Yaya. Aikinmu a jere yake: shi zai gasa kwano da wuta, ya bi shi da guduma har ya koma yadda yake, ni kuma in shafa fila, wato kwaɓin nan da ake cike ƙananan ramuka da shi, in goge da sanfefa, in fesa fenti. A wurinsa fila ba ta wuce kaurin farce. Idan ya ga na ɗebo da yawa sai ya ce, "Lawal, wannan ramin nawa ne, ba naka ba," ya karɓi ƙofar ya koma da ita kan maƙera.

Mutum ne marar yawan magana. Yana da ɗan maganaɗisu da ya ciro daga lasifikar tsohuwar rediyo, kullum yana aljihunsa. Duk motar da ta shigo, kafin a gama gaisawa ya bi jikinta da shi. Inda ya manne ƙarfe ne, inda ya faɗi fila ce. Yakan ce ƙarfe ba ya ƙarya, sai dai a toshe masa baki. A shekarun da aka dawo da shari'a, lokacin da ko'ina ake maganar mudu da sikeli da masu algus a kasuwa, na ji ya ce wa wani direba, "Mu namu mudun yana ƙarƙashin fenti, babu mai zuwa ya duba shi sai Wanda ba a ɓoye wa." Matan unguwa kuwa sun san shi da liƙin bokiti da tukunya. Idan aka aiko, yakan ajiye mota ya fara da su, yana cewa mai mota zai iya jira, mai girki ba za ta iya ba.

A farkon bazarar bana Malam Mamman direba ya kawo mana motarsa, tsohuwa irin mai dogon bayan nan. Daga wani ƙauye yake a bayan garin Babban Mutum, kuma ita kaɗai ce mota a garin. Ita ke kawo mai naƙuda asibiti, ita ke ɗauko wanda maciji ya sara, ita ke kai hatsi ranar kasuwa. Ƙofar hagu ta daina rufuwa, da igiya ake ɗaure ta, ga wata tsaga ta bi gefen motar tun daga ƙofa har baya. Malam Mamman ya roƙa a gama masa kafin ruwa ya sauka, domin da damina ne aka fi bukatarta.

Tun tana shigowa gabana ya faɗi, domin na san ta. Shekara goma sha takwas da suka wuce, lokacin da Yaya Idi ya tafi jinyar mahaifinsa ya yi wata biyu ba ya gari, wani dillali ya kawo ta bayan ta wuntsila a hanya. Ya ce yana son ta kafin Juma'a, mai saye na jira. Ban iya bugun ƙarfe ba, ban kuma ce ban iya ba. Na cusa takardar buhun siminti da ragar waya da tsumma a inda ya lotse, na labta fila mai kaurin tafin hannu, na goge, na fesa fenti mai kyau. Dillali ya yaba. Malam Mamman ne ya saye ta, bai san komai ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Yaya Idi ya bi gefen hagu da maganaɗisu, bai manne ko sau ɗaya ba. Ya ɗauko kurfi ya doka, sai wani ɓawo kamar faifai ya ɓalle ya faɗo, ga takardar siminti a jiƙe ta ruɓe a bayansa. Ruwan shekara da shekaru ya kwanta a wurin, tsatsa ta cinye ginshiƙin da ke riƙe da ƙofa, ta gangara har kwanon ƙasa inda mutane ke sa ƙafa. Malam Mamman ya riƙe baki, ya tambaya wane marar tsoron Allah ne ya yi wannan. Ina tsaye a wurin. Yaya Idi bai dube ni ba. Ya ce wanda ya yi aikin bai san iyakar abin da yake yi ba, yanzu dai a gode wa Allah da ba ta buɗe da mutane a ciki ba.

Sai da muka yi kwana uku kafin na iya buɗe baki. Muna cin abincin rana na ce, "Yaya, aikina ne."

Ya ce, "Na sani. Ko a duhu na san gugar hannunka." Ya ci gaba da cin abincinsa. Da na ce ya yafe mini, sai ya ce ba shi na cuta ba, in nemi mai motar. Daga nan bai sake tayar da zancen ba har ya koma ga Allah.

A lokacin ya riga ya daɗe yana tari. Likita ya gaya masa ƙurar fila da hayaƙin walda sun cinye masa huhu, ya ce ya bar aikin. Ya rage karɓar aiki, amma wannan motar ya ƙi bari. Na roƙe shi ya bar ni in ɗaure gefen da ƙarfe kawai a lallaɓa zuwa kaka. Ya ce matan da za a kwantar a bayanta ba su san an lallaɓa ba. Na karɓi kankarar tsohuwar filar da gugarta gaba ɗaya don in raba shi da ƙura, na ce ya riƙa zama daga nesa. Amma rumfa ɗaya ce, iska kuma ba ta tambaya. Farar ƙurar filar nan da na shafa da hannuna tana tashi tana sauka a gemunsa, shi kuma yana ɗaure da ƙyalle a hanci yana yanka kwano. Zai yi bugu goma, ya dafa mota ya yi tari har idonsa ya kawo ruwa, sannan ya sake ɗaukar guduma. Abin da ya rage na yanka da ɗinkin walda da bugu, babu wanda zan iya karɓar masa. Shekara ashirin da shida ina kallon hannunsa, ban koya ba, don na ɗauka kullum yana nan.

Ya gama kwanon ƙasa. Ya ƙera sabon ginshiƙi ya kafa rabinsa. Ranar da zai ɗinke sauran, numfashi ya sarƙe masa, muka kai shi asibiti a nan Daura, bayan kwana biyu aka tura mu Katsina. Na je duba shi sau huɗu. A zuwa na ƙarshe an sa masa robar iska a hanci, magana ba ta fita sosai. Ya kama hannuna yana nuna mini yadda zan gasa kwanon kaɗan kaɗan, daga ina zan fara, kada in tsaya wuri ɗaya wuta ta huda. Ina gyaɗa kai ina cewa to, Yaya. Ni na san ba zan iya ba, ina jin shi ma ya sani.

Na gwada bayan na dawo. Na huda kwanon a wuri uku, na kashe wutar na zauna. Na zagaya wurin masu sana'ar a gari. Biyu sun zo sun duba, suka ce a cike da fila a fesa fenti, wa zai sani. Wani dattijo da na ɗauko daga Kano ya daɗe yana shafa ɗinkin Yaya Idi da yatsa, ya ce masu irin wannan aikin sun ƙare, shi idonsa ya mutu, shawararsa a sayar da motar ga masu gwangwan, wato masu sayen tsohon ƙarfe.

Ranar sadakar uku Malam Mamman ya zo gaisuwa a kan babur, bayan an yi ruwan farko. Da aka shafa fatiha na ja shi gefe na gaya masa komai, tun daga dillali har takardar siminti. Ya ce shekara goma sha takwas motar ta yi masa aiki, Allah Ya tsare, ya yafe mini duniya da lahira. Sannan ya ce matar ɗansa ta shiga watanta, hanyarsu kuma ta fara caɓewa.

Ya ce, "Malam Lawal, motar fa?"

Har yau da nake wannan rubutu tana kan duwatsu a rumfarmu, gefen hagu a buɗe, na lulluɓe ta da tamfol saboda ruwa. Ina ci gaba da cigiyar mai hannu. Abin da na iya shi ne rufewa da fila, shi kuma na yi alkawari ba zan sake ba.

Ya Allah, ga bawanKa Idrisu ya zo gare Ka. Mun shaida bai ci amanar wanda ya ba shi aiki ba, mun shaida ya rufa asirin wanda ya kamata a tona. Ka rufa nasa asirin ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ka haɗa shi da iyayensa a Aljanna. Ka ba mai ɗakinsa Hassana haƙurin wannan rashi, Ka raya 'ya'yansa biyar bisa tafarkin da ya bi, Ka zama gatansu. Mutanen ƙauyen Malam Mamman kuma, Ka kawo musu mafita daga inda ba mu zata ba, Ka sauki mai ciki lafiya. Mu da muka rage, idan tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.