Mai Sanƙo a Tashar Daura

A tashar Daura, kan bencin masu jiran motar Kano, wani mutum ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Zai kai shekara hamsin, gemunsa ya sha gyara, tafin hannunsa duk kantar igiyar shanu. Sanƙonsa sai ƙyalli yake yi. Yana ɗaga waya sama don ya ɗauki hoton tsakar kansa, amma duk ɗauka sai rufin rumfa ya fito.

"Malam, taimaka mini," ya ce, yana miƙo mini wayar. "Asibitin dashen gashi ne suke son gani."

Na ɗauka. Ya duba, ya fashe da dariya. "Kai! Ashe filin ya kai haka?"

Asibiti uku ya tuntuɓa, in ji shi. Biyu sun yi ta turo masa hotunan samari masu sumar kai. A na ukun ne kaɗai, da ya tambayi yaushe zai iya shafar kai a alwala, yaushe kuma zai mayar da hula, likitan ya tsaya ya yi masa bayani dalla-dalla. Can zai je.

Ina kallonsa ina mamaki. Irin wannan mutum ko ƙofar gida ba ya leƙawa kai ba hula. To wa zai ga gashin?

Wayarsa ta yi ƙara. Ya duba sunan, ya mayar da hular da sauri, ya gyara mata zama kamar ana ganinsa. Muryarsa ta yi laushi.

"Murja amarya, motar ba ta cika ba tukuna."

Sai na daina mamaki.